Kujerar Muhibba ta Bakin Taga

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga Maris na 2017, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Muhibba, a gidanki da ke unguwar Shifa a nan Riyad, bayan ciwon ƙodar da kika daɗe kina ɓoye mana zafinsa. Bayan la'asar maza suka kai ki maƙabartar Al-Oud. Kin bar mijinki Malam Kamil direba, da 'yarki tilo Fiddausi, da ni Dije maƙwabciyarki, wadda har yau takan ɗauki waya za ta kira ki sannan ta tuna.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa ke mutuniyar kirki ce. Gaskiya ne, amma a bakin wasunsu maganar ƙyama ta ba ni, domin su ne suka yi shekara da shekaru suna yi wa falonki dariya.

A Gusau kika tashi, gidan mahaifinki ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma falonsa na shekarun alif ɗari tara da sittin bai taɓa fita daga ranki ba. Shi kika zo kika sake haɗawa a nan. Ranar Juma'a da yamma sai ki sa Malam Kamil a gaba zuwa haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ki yi ta tono cikin abin da Larabawa suka gaji da shi. A can kika samo kujerun nan masu hannun katako da siraran ƙafafu a ɗan karkace, da gajeren tebur mai siffar ƙwayar wake, da dogon akwatin rediyon da bai taɓa cewa uffan ba. Da hannunki kike goge katakon da samfefa, ki shafa masa mai har ya yi sheƙi. Kika rataya labule ruwan goro da agogo mai tsinkaye kewaye da shi. Kina cewa ɗaki sai yana da wurin shan iska.

Hajiya Azumi, wadda ta naɗa kanta uwar matan Hausawan unguwa ba da sanin kowa ba, ita ce sarkin ba'ar. Nata kujerun masu ruwan zinare har yau suna cikin ledarsu, baƙo kuwa a ƙasa yake zama yana kallonsu. Da kunnena na ji ta ce miki, "Muhibba, wai asibiti kika buɗe ne? Ko kafilin Malam ne, Balaraben da yake yi wa aiki, ya hana shi albashi?" Sauran suka kwashe da dariya, ke kuwa kika ƙara mata shayi.

Naki kujerun na zama ne. Ɗaliban jami'a sun ci tuwo a kansu har sun lashe hannu. Ruƙayyatu, wata 'yar unguwarmu, ta fake a falon nan da goyonta lokacin da aka tsare mijinta kan iƙamarsa, takardar izinin zama, da ta ƙare, sa'ad da masu zinare suka rufe ƙofofinsu. Ranar da aka aiko mini da rasuwar mahaifiyata daga Kazaure, a kujerar bakin taga kika zaunar da ni, kika riƙe hannuna har na gaji da kuka. A kanta kike yi wa Fiddausi kitso tun tana ƙarama, har hannun katakon ya ɗashe daga inda kike dafawa. A kanta kuma kika yi jinyar ƙarshe, da kwanciya ta gagare ki.

Da aka zo zaman makoki, an fitar da kayan falon zuwa ƙarƙashin matattakala don a shimfiɗa tabarmi, kamar yadda aka saba. Bayan sadakar uku muka fito mayar da su, muka tarar da wurin wayam. Hajiya Azumi ko kunya babu ta ce, "Halas, an gama, na kira mai a-kori-kura ya kwashe. Ai rage wa marainiya shara muka yi."

Malam Kamil ya sunkuyar da kai, don ba mai jayayya ba ne. Fiddausi kuwa ta koma ciki ta zauna a bakin taga, tana shafa sawun da ƙafafun kujerar suka bari a jikin darduma. Ta ce mini da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci, "Inna Dije, ba na son komai, wallah. Ta Umma kawai nake so."

Son a gani ne ya tona asiri. Ashe 'yar Hajiya, Balkissa, ta gaya mata cewa irin waɗannan kujeru su ne yayin manyan gidajen Riyad yanzu. Ba a yi arba'in ɗinki ba sai ga hoto a zauren matanmu na waya: Hajiya ta hakimce a kan kujerarki, labulenki a bayanta, an rubuta "sabon salo" a ƙasa. Waɗanda suka kira kayanki na bola su ne suka fara turo mata barka. Ban taɓa ganin ƙaranta irin wannan ba.

Na yafa abaya na kama hannun Fiddausi. Muka nufi gidan Hajiya muka yi sallama, ban jira an amsa ba, na same ta zaune a kan kujerarki. Na ce, "Hajiya, tashi. Mun zo ɗaukar sharar marainiya." Ta miƙe. Na ɗaga kujerar da kaina, ba ta da wani nauyi, na sauko da ita daga bene a gaban jama'arta. Sauran kayan Malam Kamil ya ce a bar mata, ya yafe. Ni dai ban kai shi haƙuri ba.

Allah ya jiƙan ki, Muhibba, ya yalwata miki makwanci kamar yadda kika yalwata mana falonki, ya sa ciwonki ya zame miki kankarar zunubi. Malam Kamil, Allah ya ba ka juriya. 'Yan'uwa na Gusau, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Fiddausi, Allah ya albarkaci rayuwarki. Jiya na leƙa na same ta a bakin taga tana karanta miki Ƙur'ani. Ƙafafun kujerar sun koma daidai cikin sawunsu, hannunta kuma yana kan inda naki ya ɗasar.