Kalmar Likita da Ƙafar Kawu

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da Goggona, bayan an yi mana waya cewa an kwantar da mijinta a wani asibiti a Accra. Kawu kayan gyaran mota yake sayarwa a kasuwar Abossey Okai da ke can. Yana da ciwon sukari, ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, ya yi ta ɓoyewa har ta fara ruɓewa. Ni aka zaɓa in raka ta saboda ina koyar da Turanci a firamare.

Kuɗin mota ya ƙaru, direba kuma gudu yake kamar an biyo shi. A Nkawkaw na sayi burodi mai ɗumi, Goggo ko kallonsa ba ta yi ba, carbi kawai take ja. Da azahar muka sauka Maamobi, unguwar da Kawu yake zaune a Accra, muka ratsa lungu tsakanin masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da masu ɗinki. Maƙwabciyar Kawu ta tare ni da Hausarsu ta Zango, wadda mace ma "kai" ce: "Kai ne mai Turanci? Maza, likita yana jira."

A asibiti mun sami Kawu a kwance, ya rame, ƙafar a naɗe. Likitan ya kawo batun yanke ta, sannan ya ce, "We could save the foot." Sai ya ƙara, "But the infection may spread."

Goggo ta ja hijabina. "Me ya ce, 'yata?"

Duka biyun "wataƙila" za su koma a Hausa: wataƙila a ceci ƙafar, wataƙila ruɓar ta yaɗu. Na san Goggo, na farkon za ta riƙe ta hana a yanke. Shekara nawa ina rubuta could da may a allo ina cewa kusan ɗaya ne, yau ga ran mutum a tsakaninsu.

Na tambayi likitan wanne ne possible kawai, wato mai iya faruwa, wanne ne probable, wato wanda ya fi yiwuwa. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce ceton ƙafar possible ne, amma yaɗuwar very likely ce, wato mai yiwuwa ƙwarai, kuma in ta shiga jini ba maganar ƙafa ake yi ba kuma.

Kawu ya ce, "Faɗa min yadda yake, kada ki tausaya min."

Na ce, "Kawu, ƙafar tana iya tsira, amma da ƙyar. Abin da ya fi yiwuwa, in aka jira, ciwon zai kai ga ranka."

Goggo ta fashe da kuka. Kawu ya ce, "A ba ni takardar amincewa, a yanke." Aka ba shi, ya sa hannu.

Bayan la'asar aka shiga da shi tiyata. Muka zauna a benci har wata nas ta fito ta ce an gama, yana numfashi lafiya. A lokacin ne Goggo ta ce tana jin yunwa.

Kwana biyar na yi na dawo Kumasi ni kaɗai, ita ta zauna jinya. Na koyi cewa in an ba ka fassara, tausayi ba dalilin sassauta kalma ba ne, kuma in ba ka gane nauyinta ba ka sake tambaya. Ranar Litinin na shiga aji na ce wa ɗalibaina, "Darasin da na yi muku a kan may da could, akwai gyara."