Surin Kawu Bawa

Ku da kuka san Kawu Bawa kun san ba ya gaida kowa da safe sai ya fara gaida surin garar da ke tsakar gidansa na Aliero. Matarsa Inna Hajo kuwa ta rantse sai ta ga bayan surin nan. Rigimar da muka tashi muka tarar ke nan, tun farkon ba mu jiha.

Malamin kimiyya ne a Jega. Wai ya karanta cewa masu bincike sun gano gara na noma wani irin naman kaza a cikin suri, kuma ta riga ɗan Adam fara noma. Shi ke nan fa, gara ta zama abokiyar sana'a! Da ta cinye masa rufin ɗakin albasa, cewa ya yi manomi ba ya kai ƙarar manomi.

Ta koma kan littattafansa na kimiyya, ta yi musu kaca-kaca. Inna ta kwaso ragowar ta zube a gabansa, tana jiran ta ga ya tuba. Ya juya su, ya dube mu, mu yaran gida.

"To madalla. Ko banza an samu masu buɗa littafi cikin gidan ga."

Da Inna ta gaji, ta aika garin Maiyama a ɓoye aka kira mai feshin magani, ranar da Kawu ke makaranta. Wa ya tsegunta masa, har yau ban sani ba. Mai feshi ya shigo ya tarar da shi zaune daram a kan suri, da lema da butar shayi. Kawu ya ce a fesa, amma a fara da maigida. Mutumin nan ko ruwa bai tsaya sha ba.

Bayan ya rasu muka zo da diga, mu rushe surin mu gina wa Inna ɗaki, muna murna burinta zai cika. Sai muka tarar ta shimfiɗa tabarma a gindinsa.

"Ku aje digar ga," in ji ta. "In kun rushe shi, wa yar rage mani in yi ma faɗa?"

Wallahi ranar na fi jin mutuwarsa. Surin yana nan, ita ke gaida shi da safe.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya sanyaya masa ƙasar da ya so, ya ba Inna haƙuri.