Yadda Aka Naɗe Tabarmar Ciyayya

Ni bokona a aji huɗu ya tsaya, shi ma sai da aka yi wa hedimasta magiya, saboda haka kada a sa ran jin falsafa daga bakina. Amma kwanan baya a Sabon Gari mai askina ya kashe injin a tsakiyar kaina ya kawo mini shari'a. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma gem yake bugawa a waya. Wai akwai wani jarumi a ciki, duk gari an yarda da shi, da annoba ta tunkaro sai ya garƙame ƙofofin garin ya jefa makullan a teku, bai tambayi kowa ba.

"Baba, ya kyauta ko bai kyauta ba?"

Na ce, "Ƙarasa mini kaina tukuna. Kai ma ga shi ka yanke wa rabinsa hukunci ba ka tambaye ni ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don na san jarumin nan. Mun daɗe muna sa hannu a kwano ɗaya da shi.

A layinmu na Fagge muna da ciyayya. Bayan magariba a fito wa kowane magidanci da kwanonsa, a jera a tabarma, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Babbanmu wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Shi ke raba mana rigima, shi ke karɓar wa 'ya'yanmu aure. In ya ce miya ba gishiri, to babu, ko da harshenka na ƙuna.

A cikinmu akwai Baba Tela, Bayarabe haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi tawa. Kwanon gidansa amala ne, tuwon garin doya, da miyar da ke sa dattawa hawaye. Nakan ce, "Baba Tela, matar nan taka da mu take gaba ko da kai?"

Shi kuma ya ce, "Ci ka yi shiru, ɗan aji huɗu. Ai kai ke siɗe kwanon."

Sai matar ta rasu. 'Ya'yansa duk suna Legas. Bayan an share makoki ya fito tabarma hannu rabbana, ya yi loma kaɗan ya janye hannu. Washegari ya zo da tsire a takarda, ya ajiye a gefe kamar kayan sata. Alhaji yana kallo.

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya ce, "Daga yau an daina ciyayya. Likita ya hana ni mai da gishiri. Kowa ya ci a gidansa." Ya sa aka naɗe tabarmar. Ba wanda ya yi tari, tunda shi ya faɗa.

Na bi shi soro na ce, "Alhaji, wane likita ne wannan da ya hana mutum tara cin abinci?"

Ya ce, "Ba zan zuba ido dattijo yana jin kunya a gabana ba. In babu kwanon kowa, ba wanda za a ga nasa ya ɓace."

"Ka tambaye shi?"

"Irin wannan ba a tambaya."

Kullum Alhaji yakan aika wa Baba Tela abinci daga gidansa. Kwanon yakan dawo kusan yadda ya tafi. Da na leƙa Baba Tela, na tarar da shi zaune gaban keken ɗinkinsa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Ɗan aji huɗu, ni ba tuwo na rasa ba. Wanda zan ce wa matsa can na rasa. Da ya tambaye ni, da na ce a bar ni da kunyata, ai tawa ce."

Na kai wa Alhaji maganar, ya ce a bari ya ɗan warware tukuna. Kafin nan babban ɗan Baba Tela ya zo, ya ga ramar, ya tafi da shi Legas, garin da ko hanyar masallacinsa bai sani ba. A can ya cika. Ranar da labari ya zo, ba wanda ya kai Alhaji kuka.

Mai aski ya karkaɗe mini wuya ya ce, "Baba, har yanzu ba ka yanke hukunci ba."

Na ce, "Ni ba alƙali ba ne. Amma in ka koma cikin wayar, ka ce wa jarumin naka ya leƙa ya gani ko mutanen da ya rufe suna cin abinci."