Na'ana'ar Tsohon Direba

Yana cikin juya ganyen na'ana'a a kan tsohuwar jarida, a hankali kamar mai gyara wa jariri kwanciya, sai 'yarsa ta turo ƙofa cikin kayanta na aikin asibiti.

Tsohon direba ne. Ƙuruciyarsa a kan titi ta ƙare, babbar mota na gurnani a ƙarƙashinsa, garuruwa na wucewa ta gefen ido. Da gwiwoyi suka ƙi, 'yar ta ɗauko shi ta ajiye a gidan haya, can ƙololuwar bene, inda matakala ta fi ƙarfinsa. Duniyarsa ta koma gado da taga, sai gwangwanayen fenti da ya shuka na'ana'a a ciki.

Ya san halin na'ana'a kamar yadda ya san inji. Kafin ta yi fure yake yankan ta. A inuwar bayan ƙofa take bushewa, don a wajensa rana ɓarauniyar ƙamshi ce. Ganyen ya murje ya ɗura a kwalba saboda shayi, kararen ya ƙulle a tsumma ya cusa cikin tufafi, ragowar ya barbaɗa inda tururuwa ke hawowa.

"Baba, mai gidan nan ya sake magana. Ruwan shukarka na ɗiga kan shanyar mutanen ƙasa. Ya ce ko gwangwanaye su fita, ko mu mu fita."

"Ruwa ne fa, ba baƙin mai ba."

"Ka yanke duka ka busar. Ai kwalaben nan sun ishe ka shekara."

"Busasshe ba ya toho, 'yar nan."

"To ni ya zan yi, Baba? In na dawo zan kwashe su." Ta ja ƙofa ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ya daɗe zaune. Sannan ya kife gwangwani ɗaya, ƙasar ta fito dunƙule, saiwoyi farare sun nannaɗe juna sun rasa wurin zuwa. Ya ɓalli mai kauri, ya naɗe a jiƙaƙƙen hankici. Ta taga yana hango wani ɗan fili mai danshin ƙasa a gindin famfon tsakar gida, nesa kamar wani gari.

Ya san in ya sauka, hawowa sai an ɗauko shi. Ya lalubi sandarsa, ya sa hankicin a aljihun ƙirji, ya dafa bango ya fita.