Hanyar Zariya da Ƙafar Malam

Ban yi karatu ba, ina faɗa ne ana rubutawa. Wannan ce tafiyata ta ƙarshe da maigidana Malam, limamin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa. An haife shi da jijiyoyin jini a cukurkuɗe a ƙafar hagu. Da girma ya zo ta kumbura har takalmi ya daina shiga, sai asibiti suka tura mu Zariya.

Kontagora zuwa Zariya

Ana kiran assalatu muka shiga bas. A Tegina muka karya da koko da ƙosai. A shingen Birnin Gwari ɗan sanda ya leƙo, ya ga ƙafar, ya ce Allah Ya sawwaƙe, a wuce. Azahar a Kaduna, la'asar a Zariya, muka sauka gidan wani tsohon ɗalibinsa.

Asibiti

Likita ya ce bincike suke yi, ko ƙwayar da ke sa fitsari za ta rage irin wannan kumburi. Bai yi alkawari ba, ya ce sai in Malam ya yarda. Ya yarda. Kumburin ya ɗan saɓe, amma buta ba ta huta ba. Da za a sallame mu aka ce ko ranar tafiya kada ya fasa sha.

Komawa

Malam ba zai buɗe baki a mota cike da mata ya ce a tsaya masa ba. Muna wuce Kaduna na ga gumi a goshinsa, ya damƙe kujera. Direban, wani Bakambare ɗan Auna, ya hango shi ta madubi, ya gangara gefe.

"Inji ya yi zafi, sai na ba shi ruwa. Baba, sauko ka miƙe ƙafa."

Haka ya yi ta tsayawa. Ni da ke bakin taga na ga a ƙasa yake tsiyaye ruwan. Kafin Tegina fasinjoji sun ƙosa, wata 'yar kasuwa ta ce ya sayar da akwalar ya sayi jaki.

"Hajiya, shi ma jakin yana shan ruwa," in ji shi.

Gida

Mun iso Kontagora gab da magariba. Malam ya sauka da tufafinsa tsarkakakku, ya yi alwala, ya ja mutanensa salla. Damina na zagayowa ya rasu, har yau hawayena bai tsaya ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci. Direban kuwa ban san sunansa ba. Yadda ya rufa wa Malam asiri, Allah Ya rufa masa nasa.