Kwamfutar Nasiru da Muka Bayar Sadaka

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru a hatsarin mota tsakanin Funtua da Bakori. Mutane suna cewa kamar jiya. Ni ba na jin kusa, ba na jin nisa, lissafin kawai nake riƙe da shi.

Gyaran injinan ban ruwa ne sana'arsa. Ya samo wata manhaja a intanet wadda masu ita suka sake ta kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Ita ke kunna inji, ta kashe shi idan rijiya ta ƙafe kafin ya ƙone. Sai dai Turanci ce zalla, kuma sai mai kwamfuta. Shekara biyu ya yi yana mai da ita Hausa, har ya rage ta ta koma maɓalli uku a wayar hannu. Ni kuwa Injiniyan Fisabilillahi nake kiransa, shi ko sai ya yi dariya ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya haɗa wa wasu manoman rani a Danja ƙananan akwatuna masu aiki da manhajar don gwaji. Ya ce da an kwashe tumatir zai ɗora aikin a intanet kowa ya samu. Bai kai ba.

Da aka raba gado, kwamfutarsa ta faɗo a rabon mahaifiyarmu. Hajiya ta ce ba za ta iya kallonta ba, in kai wa malamin Islamiyyar unguwarmu sadaka, kamar yadda aka yi da rigunansa. Da hannuna na kai. Malam ya ba mai gyara ya goge komai a zuba darussa, kuma bai yi laifi ba.

Bayan wata huɗu Alhaji Garba, ɗaya daga manoman, ya yi sallama da ni. "Malam Habu, akwatin nan ya tsaya. Ina abin da marigayi yake zuba mishi?"

A tsaye na fahimta: aikinsa duka a kwamfutar nan yake. Ban yi kuka ba, na dai kawo masa ruwa. Da-na-sani ƙeya ce.

Yau injinan sola sun cika fadamu daga Malumfashi har Dandume. Manhajar ta Turanci tana nan a intanet, manomi kuma yana nan gefen rijiya yana kasa kunne kada inji ya ƙone. Me Nasiru zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba, kujera zai jawo ya sake farawa. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Akwatunansa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, an ce saura guda. Abin da ya rage nasa da yawa a zuciyar Hajiya yake, kuma ba ta san abin da aka goge ba. Sau da dama na zauna gabanta da niyyar faɗa mata. Ranar Juma'ar da ta wuce ta riga ni magana, ta ce duk abin da ta yi wa Nasiru, sadakar kwamfutar nan ce ta fi kwantar mata da rai, Allah ya kai ladan kabarinsa.

Na ce amin.