Kunun Baba Ayuba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Baba Ayuba a Kafanchan ya san ba ruwa ake fara ba baƙo ba. Kunun gyaɗa ne, wanda aka sauke daga wuta yanzu-yanzu. Baba zai miƙa maka ƙwarya da hannunsa, ya koma kujera ya zuba maka ido. Ba karamci ba ne kawai, jama'a, awo ne! A wurinsa mutane kashi uku ne: mai hurawa, mai tofarwa, da mai haɗiyewa. Ya ce yadda ka yi da zafin kunu, haka kake yi da zafin zuciya.

Shekarar da aka fara kashe naira aka kawo mana sabon fasto, dattawan coci suka kai shi gaisuwa. Bawan Allah yana kurɓa ya fesar a kan takalmin Baba.

"Wayyo! Baba, kashe ni za ka yi?"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Baba kuwa ya tashi ya rungume shi.

"Wannan mu riƙe shi," ya ce. "Abin da ke cikinsa ba ya kwana. Sai dai ku daina zama a bencin gaba."

Shi kansa Baba in an ɓata masa rai ba ya cewa uffan. Kekensa zai hau ya tafi bakin layin dogo ya jira jirgi. Da jirgi ya zo wucewa da ƙara, sai ya buɗe baki ya zazzage duk zagin da ke cikinsa, da Hausa da yarenmu. Jirgi na wucewa ya goge baki, ya dawo yana waƙar sujada. Wata rana matarsa, Mama Rifkatu, ta bar akuya ta cinye masa irin masara, ga shi kwana biyu jirgi bai zo ba. Baba ya zauna ya kumbura kamar an busa shi.

"Malam, ka zage ni mana mu huta!" in ji Mama.

"Ban ji jirgi ba."

"To bari in zama jirgin." Ta ɗaura zane, ta kama zagaya tsakar gida tana "kuuu, cuku-cuku!" Baba ya buɗe baki zai fara, dariya ta ƙwace masa.

Yanzu sai nawa, kuma shi ya sa na roƙi a bar ni in yi magana yau a wannan taron tunawa da Baba. Na je neman auren 'yarsa Saratu, ga ta nan zaune. Aka miƙo ƙwarya. Don in nuna ni namiji ne, na ɗaga na haɗiye. Hawaye na zuba, harshe ya mutu.

"Yaya kunun, Ishaku?"

"Ya yi daidai, Baba."

"Ka ji maƙaryaci! Irinku ne masu murmushi da rana, su dafa mutum a ciki shekara goma. Ba na ba mai haɗiyewa 'yata. Ranar da ka iya faɗa mini a ido abin da na yi maka, ka dawo."

Na ce, "Ba komai, Baba. Na gode." Na fita ina murmushi. Ran Lahadi, ana cikin wa'azi, na zagaya bayan coci na sace iskar kekensa. Lahadi bakwai ina yi! Baba na tura keke har gida a rana, ni kuma ina binsa ina cewa, "Sannu, Baba, kawo in tura maka."

Laifin ya faɗa kan Bitrus mai faci. Baba ya shelanta a gari cewa facin Bitrus da miyau yake manna shi. Mutane suka ɗauke kekunansu daga wurinsa. Bitrus ya nitsa tiyub a ruwa a gaban Baba, bai ga huji ba, har ya fara zargin aljanu.

Lahadi ta takwas na sake sacewa, ina tura masa keken, Baba ya ce mini, "Kai dai yaron kirki ne, da ba don ciwonka na haɗiyewa ba." Ban san lokacin da na yar da keken ba.

"Baba, ka wulaƙanta ni! Ka ƙona mini baki, ka kira ni maƙaryaci a gaban mata!"

Ya dube ni, ya ce, "Yauwa! Turo iyayenka. Ɗaga mini keke."

An ɗaura aure, iska ta daina fita, amma rabin gaskiyar na faɗa. Baba ya rasu yana ganin Bitrus bai iya aiki ba. Bitrus ya koma Manchok noma, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Saratu, daina harara ta, yau kika ji tare da kowa. 'Ya'yan Bitrus, na ga biyu a baya can: babanku gwani ne, facinsa bai taɓa buɗewa ba. Ni ne. Ku yafe mini.

Ubangiji ya ba Baba Ayuba hutawa, ya ba Bitrus wurin zama kusa da shi. Ni kuma ya gafarta mini kafin in je in same su. Amin.